'Yan Tsunduma: Na Gadar Kanal da Na Hasumiyar Olamfik

Kowace shekara, idan kwamitin wannan littafi ya zo kan shafin wasanni, ƙwallon ƙafa ne ke cinye rabin wurin, sauran kuma a raba tsakanin tsere da dogon tsalle da sakamakon gasar gidaje. Ba mu ga laifin haka ba, gama su ne wasannin da muke da fili da kayan yinsu. Amma akwai wani wasa da yaranmu maza suka ƙware a kai fiye da duk waɗannan. Ba ya cikin jadawalin makaranta, ba a ba da kofi a kansa, wanda kuwa aka kama yana yinsa a lokacin karatu ofishin mataimakin shugaba zai nufa. Muna nufin tsunduma cikin kanal daga kan gada. Mun roƙi kwamiti ya ba mu wuri a bana mu yi magana a kansa, domin wasa ne mai tarihin fiye da shekara 100 a gasar ƙasashen duniya, yana kuma iya karya wuyan yaro cikin daƙiƙa ɗaya. Ya kamata ɗalibai da iyaye da 'yan'uwa a ikilisiya su san duka biyun.

Bari mu fara da ruwan kansa. Dattawan Kura da Bunkure za su gaya muku cewa a dā ruwa baƙo ne a wannan ƙasa. Yakan zo da damina, ya cika kududdufai da fadamu, kafin tsakiyar rani ya yi sallama. A lokacin da rini da turkuɗi aka san Kura. Sai gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, aka gama ta a 1974. Daga Tiga ruwa yakan bi ta Ruwan Kanya ya shiga babban kanal, ya rabu reshen gabas da na yamma, sa'an nan ƙananan kanal su kai shi gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke lura da aikin. Shinkafa da alkama da tumatir da albasa duk daga wannan ruwa suke, haka nan kuɗin makarantar da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi. Abin da ba ya cikin taswirar injiniyoyi shi ne an shimfiɗa wa yara wurin iyo mai tsawon kilomita da yawa, rani da damina, ga kuma gadoji a kan hanya kamar an gina musu wurin dira.

Wanda bai taɓa tsayawa ya kalle su ba ba zai gane abin da muke faɗi ba. A watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafi ya kai intaha, za ka tarar da su sun jeru a bakin gada kamar balbelu, an tara riguna gefe guda an danne da dutse. Ƙananan su toshe hanci su faɗa da ƙafa. Waɗanda suka ɗan tasa su ja da baya, su sheƙo a guje, su yi alkafura ɗaya a iska kafin su taɓa ruwa. Akwai kuma gwanaye, masu juya wa ruwa baya, su tsaya da yatsun ƙafa a bakin siminti su wuntsila ta baya. Ba wanda ya koya musu. Suna da alƙalansu, watau waɗanda ke zaune a gaɓa suna ihu, suna kuma da dokarsu: wanda ya fi fantsama ruwa, har ya jiƙa mai babur da ke wucewa, shi ne gwani. Mun san yaron da kunya ba ta barinsa ya amsa tambaya a aji, amma a kan gada ko ƙifta ido ba ya yi. Malamin da ya ga irin wannan, ko da shi ke ransa ya ɓaci, akwai wani lungu a zuciyarsa da ke cewa madalla.

Gasar ruwa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun 1934, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi, ake yin bikin kamun kifi a Matan Fada. Yawancin mutane babban kifin kaɗai suka sani, amma a cikin bikin akwai abin da ake kira Kabanci, inda ake tseren kwalekwale da iyo da kurme da kamun agwagwar ruwa da hannu. A 2016 UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Abin lura a Argungu shi ne ruwan yana da mai shi. Ba wanda ke shiga sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, ga masunta cikin kwalekwale suna zagayawa, mutanen da suka san kowane gurbi na kogin tun daga kakanninsu. Mu a nan ruwanmu bai daɗe da cika shekara 50 ba. Mun sami ruwa, ba mu gāji sarautar ruwa ba.

A Turai ma daga kan gada abin ya faro. A garin Halle na ƙasar Jamus akwai ma'aikatan gishiri da suka yi suna wajen iyo da dira daga gada cikin Kogin Saale. Daga baya, cikin ƙarni na 19, 'yan wasan motsa jiki na Jamus da Suwidin suka ga ya fi sauƙi mutum ya koyi alkafura a bisa ruwa da ya koya a bisa ƙasa mai tauri, sai suka riƙa kai kayan wasansu bakin teku da tafki a lokacin zafi. Da haka wasan ya sami siffa, har ya shiga gasar Olamfik a 1904 a birnin St. Louis na Amurka. A wani tafki da aka haƙa domin baje koli aka yi shi, iri biyu. Na farko tsunduma daga dandamali, wanda wani likitan ido ɗan garin mai suna George Sheldon ya ci. Jamusawa suka yi gardama ƙwarai, gama su a wurinsu wahalar juyin da aka yi a iska ita ce abin dubawa, alƙalan Amurka kuwa yadda mutum ya shiga ruwa suka fi kulawa da shi. Na biyun zai ba ɗalibanmu dariya. Mutum ya faɗa ruwa da ka, ya miƙe sambal kamar gungume, ba motsa hannu ba motsa ƙafa, a jira minti ɗaya a auna nisan da ya kai. William Dickey ya ci da mita 19.05. Sau ɗaya tak aka yi wannan a Olamfik aka watsar, ba mamaki, domin ba abin da 'yan kallo za su gani sai bayan mutum yana yawo a kan ruwa.

A Landan a 1908 aka ƙara allo mai sifirin, watau dogon allon nan da ke lanƙwasa ya cilla mutum sama. A shekarar ce kuma aka kafa hukumar wasannin ruwa ta duniya, FINA, wadda ta sake suna zuwa World Aquatics a 2022. Mata suka shigo a Stockholm a 1912, wata 'yar Suwidin mai shekara 17, Greta Johansson, ta zama ta fari da ta ci zinariya. Amma labarin da ya fi kama da namu shi ne na Antwerp, ƙasar Beljiyam, a 1920. Yaƙin Duniya na Ɗaya bai daɗe da ƙarewa ba, ƙasar tana cikin talauci, sai aka shirya wasannin ruwa a cikin tsohon kwarin ganuwar birnin, ruwa baƙi, mai sanyi, ƙasansa laka. Yarinyar da ta ci gasar allo mai sifirin ta mata, Aileen Riggin ta Amurka, shekararta 14. Da ta tsufa ta ba da labari cewa abin da ya fi ba ta tsoro a ranar shi ne kada ta nitse ta kafe cikin lakar nan, ba wanda zai gan ta. Duk yaron da ya taɓa jin ƙafarsa ta lume cikin taɓon ƙasan kanal ya san wannan tsoro.

Afirka tana da nata rabo a tarihin, ko da shi ke kaɗan ne, yana kuma da ɗaci. A Amsterdam a 1928 wani saurayi ɗan Masar, Farid Simaika, ya sami tagulla a allo mai sifirin, sa'an nan ya hau dandamali ya yi abin da ya burge kowa. Da aka tara maki, nasa ya fi na kowa. Aka sanar shi ne ya ci, har aka buga taken ƙasar Masar. Ana cikin haka sai alƙalai suka koma kan takardunsu suka ce dokar lokacin ba jimlar maki take bi ba, matsayin da kowane alƙali ya ba mutum ake ƙirgawa, yawancinsu kuwa Pete Desjardins na Amurka suka sa a gaba. Aka ba Desjardins zinariya, Simaika ya koma da azurfa. Waɗannan lambobi biyu su ne kaɗai da nahiyarmu ta taɓa samu a wasan tsunduma a Olamfik, yau kusan shekara 100 ke nan. Mu da muke yara a 1996, sa'ad da Chioma Ajunwa ta ci zinariya a dogon tsalle a Atlanta, 'yan ƙwallonmu kuma suka doke Brazil da Ajantina, mun tashi da tunanin cewa ba wasan da ya fi ƙarfin Najeriya. A wannan wasa dai sunanmu bai taɓa hawa allon masu lambar yabo ba.

Wani zai ce dalili a fili yake, ba mu da wurin yi. Gaskiya ne, amma a ji labarin Sammy Lee. Iyayensa 'yan Koriya ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka. Sa'ad da yake yaro, wurin iyon gwamnati da ke Pasadena rana ɗaya kaɗai a mako yake barin waɗanda ba fararen fata ba su shiga, ranar da za a zubar da ruwan washegari a zuba sabo. Rana ɗaya a mako ba ta isa a koyi kome ba. Sai mai horar da shi ya haƙa rami a bayan gida, ya cika shi da yashi, ya kafa allo a bisa. A kan yashin nan Sammy Lee ya koyi yawancin juyinsa, yana sauka da ƙafa. Ya yi karatu ya zama likita, ya ci zinariya a dandamali a Landan a 1948, ya sake ci a Helsinki a 1952. Mun daɗe muna tunanin ramin yashin nan, gama muna da irinsa a ƙarshen filin wasanmu, inda ake dogon tsalle sau ɗaya a shekara, sauran watanni kuwa awaki ke kwana a ciki.

Yanzu ga yadda ake yin wasan a Olamfik. Allo mai sifirin yana mita 3 bisa ruwa. Dandamali kuwa, wanda ba ya motsi, yana kan hasumiya mai mita 10, kimanin tsayin bene mai hawa uku. Maza suna tsunduma sau shida, mata sau biyar. Kafin a fara, kowa zai rubuta irin tsundumar da zai yi ɗaya bayan ɗaya ya miƙa, idan kuwa ya hau ya yi wata dabam, kome kyanta, sifiri zai samu. Alƙalai bakwai ne, kowa ya ba da maki daga sifiri zuwa 10. A cire biyu mafi yawa da biyu mafi ƙanƙanta, domin kada son kai ko ƙiyayyar wani alƙali ta yi tasiri, a tara ukun da suka rage, a ninka da lambar wahalar tsundumar. Tun daga gasar Sydney a 2000 akwai kuma ta mutum biyu, su tashi tare su juya tare su shiga ruwa tare kamar mutum da inuwarsa. Abin da zai ba gwanayen gadarmu mamaki shi ne a can wanda bai fantsama ruwa ba shi ne gwani. Mutum zai haɗa hannuwansa bisa kansa, tafin hannu ɗaya a buɗe yana fuskantar ruwa, ya huda wa jikinsa hanya ya bi ta ciki ya ɓace, ruwan ya rufe kamar ba abin da ya faru. Har ma akwai ɗan famfo da ke yayyafa ruwa a kan tafkin, domin ruwa mai tsabta da ke kwance shiru ba ya ganuwa sosai daga sama, mai juyi a iska kuwa dole ya san inda fuskar ruwa take.

Amurka ce ta daɗe tana mulkin wasan, sai wani ɗan Italiya, Klaus Dibiasi, ya ci dandamali sau uku a jere, 1968 da 1972 da 1976. Daga baya ƙasar Sin ta karɓe. Zhou Jihong ta kawo musu zinariya ta fari a 1984, Fu Mingxia ta ci a Barcelona a 1992 tana da shekara 13, a Paris kuwa a 2024 suka kwashe zinariya takwas ɗin da ke akwai duka, ba su bar wa kowa ko ɗaya ba. Cikinsu akwai Quan Hongchan, 'yar manomi daga wani ƙauye a lardin Guangdong. Wani mai horarwa ne ya gan ta tana tsalle-tsalle a filin makarantar firamare ya ɗauke ta. A gasar Tokiyo, wadda aka yi a 2021 saboda annobar korona, tana da shekara 14 ta tara maki 466.20 a dandamali, uku daga cikin tsundumarta biyar sun sami cikakken maki. Da 'yan jarida suka tambaye ta, ta ce tana so ta sami kuɗin jinyar mahaifiyarta. A nan muna so 'yan matanmu su lura, domin su ba su zuwa gada, sai dai bakin kanal wajen wanki, da yawansu kuwa ba su iya iyo ba ko kaɗan, alhali ƙafa ɗaya ce tsakaninsu da zurfi. Bugu da ƙari, yaran Sin suna cin lokaci mai yawa na horonsu a kan tudu, bisa katifu da ragar tsalle, an ɗaura musu igiya a ƙugu mai horarwa yana riƙe da ita, kafin a bar su su gwada sabon juyi a ruwa.

Duk wannan tsari bai kawar da hatsari ba. A 1983, a gasar ɗaliban jami'o'in duniya a Edmonton ta Kanada, wani saurayi ɗan Jojiya daga Tarayyar Sobiyet, Sergei Chalibashvili, ya gwada juyi uku da rabi ta baya daga mita 10. Kansa ya bugi bakin dandamali. Ya yi mako guda bai farfaɗo ba, ya rasu yana da shekara 21. Bayan shekara biyar, a Seoul a 1988, Greg Louganis na Amurka, wanda mutane da yawa ke ɗauka ba a taɓa yin kamarsa ba, ya bugi allo da ƙeya a zagayen share fage, duniya tana kallo a talabijin. Likita yana nan a bakin ruwa, aka ɗinke masa kai nan take, ya koma ya ƙarasa, daga baya ya ci zinariyar. Ɗalibai suna son wannan labari saboda jaruntakar da ke ciki. Mu abin da muke gani a ciki shi ne likitan da ke zaune a shirye, da ruwan da aka san zurfinsa.

Zurfin nan shi ne zuciyar maganar. Ƙarƙashin hasumiyar mita 10, tafkin Olamfik yana da zurfin mita 5, ba dutse, ba ƙarfe, ba igiyar ruwa mai ja. Malamin kimiyya ya yi mana lissafi a ɗakin malamai, 'yan babban aji kuma za su iya maimaita shi da abin da suka koya a kan faɗuwar abu. Wanda ya faɗo daga mita 10 yana isa ruwa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya da rabi, da gudun kimanin kilomita 50 a awa. Wanda ya faɗo daga gada mai mita 3 kacal yana isa da gudun kimanin kilomita 27 a awa, watau kamar mai babur a hanyar gona. To, a ɗauka mai babur ɗin ya sa kansa a gaba ya nufi bango. Kanal ba domin iyo aka gina shi ba, domin gona ne. Ruwansa yana hawa yana sauka gwargwadon yadda aka buɗe ko aka rufe ƙofofi, saboda haka wurin da ya shanye mutum jiya yana iya zama iya ƙugu yau, launin ruwan kuwa bai sake ba, ba ka ganin ƙasa. Yashi da laka suna taruwa a inda ba su a bara. Kachala tana kama ƙafa. Ƙarƙashin gada nan ne mutane ke jefa abin da ba su so, tsohuwar taya, fasasshiyar kwalba, guntun rodi. Inda aka shafe gefe da siminti, gansakuka takan sa shi santsi har babban mutum ya kasa fita. Mafi muni shi ne kusa da ƙofar ruwa da inda kanal ke nitsewa ya bi ƙarƙashin hanya ko rafi, gama a nan ruwa ja yake yi zuwa ƙasa, iya iyo kuwa ba ya ceton kowa.

Waɗanda suka daɗe a makarantar nan sun san ba tatsuniya muke yi ba. Akwai wani tsohon ɗalibinmu, ba za mu faɗi sunansa ba saboda iyalinsa, wanda ya riƙe wa gidansu kofin tsere shekara biyu. A hutun Ista ya je gadar da ya saba dira tun yana firamare, ya faɗa da ka kamar kullum. An rage ruwa a daren, bai sani ba. Abokansa suka ga ya taso yana kife ba ya motsi, suka ɗauka wasa yake yi, sai da ɗayansu ya taɓa shi. Suka ciccibe shi, wani ya kama hannu wani ya kama ƙafa, kai yana reto, aka ɗora shi a babur zuwa asibiti. Yana da rai har yau, muna kuwa gode wa Allah, amma a keken guragu yake, mahaifiyarsa ce ke juya shi da dare. Ma'aikaciyar jinyar da ta zo ta yi wa ɗalibai jawabi bayan haka ta ce wanda ake zaton ya ji rauni a wuya, a juyo fuskarsa sama ya sami numfashi, a riƙe kansa da wuyansa a miƙe tun yana cikin ruwa, a kwantar da shi bisa ƙyaure ko faffaɗan katako kafin a ɗaga. Ba ɗaya daga cikin yaran nan da ya taɓa jin wannan kafin ranar.

Akwai kuma hatsarin da ba ya ihu, watau tsargiya. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan katantanwa da ke manne a ciyawar bakin kanal, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar mai wanka ta shiga jini ba tare da ya ji kome ba. Daga baya sai yaro ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Har yanzu akwai masu cewa alamar balaga ce, wasu yaran ma alfahari suke yi da ita a ɗakin kwana. Ciwo ne, yana rage jini, yana sa kasala a aji, idan kuwa ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinsa, praziquantel, ƙwaya ce da ake auna wa yaro bisa ga tsayinsa ko nauyinsa. Amma wanda ya sha yau ya koma ruwan gobe zai sake ɗauka, wanda kuma ya yi fitsari a kanal ya raba wa na ƙasa da shi.

A taron iyaye da malamai an sha tattauna wannan, kullum kuwa shawara ɗaya ake tsayawa a kai, a hana, wanda aka kama a yi masa bulala. Dokar tana nan, ba mu kuma ce a soke ta ba, gama lokacin karatu na karatu ne. Sai dai ikonmu a ƙofar makaranta ya tsaya. Yaron da ke ban ruwa a gonar mahaifinsa ranar Asabar, cikin zafin Afrilu, ruwa yana gudu a gabansa, ba bulalar ranar Litinin da za ta hana shi. Wasu daga cikinmu ma, masu furfura a yau, sun san hanyar gadar nan tun ba su da gemu. A ganinmu hani kaɗai yana sa yaro ya ɓuya ne, ya tafi gadar da ta fi nisa, inda ba babba ko ɗaya da zai gan shi.

Saboda haka malamin wasanni da mu mun kai wa shugaban makaranta wata shawara, ya kuwa yarda a gwada ta zango mai zuwa. Za a kori awaki daga ramin dogon tsalle, a ƙara yashi, a nemo tsofaffin katifu daga ɗakin ajiya, kowace Alhamis da yamma a koyar da alkafura da tsayuwar hannu a kan tudu, maza da mata, kowa da lokacinsa. Za a ba da maki yadda ake yi a Olamfik, da alƙalai bakwai daga cikin ɗalibai, ta haka 'yan lissafi ma za su sami aikin yi. Wanda zai shiga sai ya fara koyon yadda ake ɗaukar mai rauni a wuya, da yadda ake miƙa wa mai nitsewa sanda ko igiya daga gaɓa maimakon a faɗa a bi shi. Muna roƙon iyayen da suka iya iyo, musamman mata, su zo mu yi shawara a kan yadda za a koya wa 'yan matanmu. Ba mu ce za mu fitar da zakaran duniya daga ramin yashi ba, ko da shi ke an taɓa yi. Ga yaran da muka san za su koma gada ko mun so ko mun ƙi, abin da muke nema gare su kaɗan ne: kada a shiga da ka, kada a je kusa da ƙofar ruwa, kada mutum ya je shi kaɗai, a kuma auna ruwa kowace rana kafin kowa ya dira. Mai gadin makaranta ya saro mana gora mai tsawon mita 4, 'yan aji uku sun yi mata alama da jan fenti a kowane rabin mita. Tana jingine a bayan ƙofar ofishin wasanni, wanda ya zo ara ba za a tambayi sunansa ba.